Gida na Tara

Na raba takarda gida-gida kamar dara,
na fere fensir da reza, na zauna kusa da murhu,
jajibirin Babbar Salla, a gidanmu na Argungu,
don 'ya'yan Hajo da aka haifa a Torino,
da suka san taliya da cuku,
ba su san ƙaurin kakide ba.

Hajo ce ta roƙa a waya:
"Hoto ba ya zama, yatsa ɗaya ya wuce.
Zana musu abin da za su riƙe."

Gida na ɗaya, rago a gindin darbejiya
yana tauna gefen sabon zanen Ige.
Na biyu, Ige da muciya, rago ya tsinke igiya.
Wannan bai nemi magana ba.

Na uku, shinkafar fadama a turmi,
taɓarya uku, wata sama, wata ƙasa.
Na rubuta lugude da manyan baƙaƙe
har ya ƙetare layi ya faɗa gida na huɗu,
inda Kawu Arzika ke wasa wuƙa a dutse,
yana maimaita labarin giwan ruwan da ya kuɓuce masa,
kifin da ke ƙara kamu ɗaya duk shekara.
Bana jelarsa ta fita daga shafin.

Iya Tumba ta leƙo ta kafaɗata.
"Wanga hanci na wa ne?"
Na ce nata.
"Kai, mijin banza, haka kaka ganina?"
Na goge sau uku, har takarda ta yi gashi.

Ranar Salla na zana hanta a tsinke,
yankan farko na Iya, dokar gida ce.
Na zana funkaso jere a faifai,
da hannun yaro yana shigowa daga gefe,
ban zana fuskarsa ba, don nawa ne.
Na zana koren kwano mai lotsattsen murfi
da ke zuwa gidan Madam Dada, mutuniyar Zuru,
ya kwana wata da watanni a can,
ya dawo a Kirsimeti cike da dafa-duka da kaza.
Ba wanda ya tuna kwanon na wa ne.

Sai gida na tara, miyar taushen Iya.
Na tsuguna da fensir ina tambaya:
daddawa nawa, gyaɗa nawa, gishiri cokali nawa?
Ta ce, "Cokali? Uwata ba ta bar min cokali ba.
Hannu shi ka sani.
In tukunya ta sake murya, janye icce."
Yaya ake zana muryar tukunya?
Na ja layuka masu lanƙwasa, wai ƙamshi,
suka fito kamar macizai suna barin rami.
Na goge. Na bar gidan fari fes.

Washegari, ana babbakar kai da ƙafa,
ta tsame hannu daga miya ta ɗauki littafin
don ta ga ko na gyara hancin.
Babban yatsanta ya sauka tsakiyar gida na tara.
Man shanu, kabewa, ɗigon jan barkono,
da zanen fatar yatsa, zagaye cikin zagaye.
Na yi ihu, na ɗauko magogi,
sai hannuna ya tsaya a sama.

Haka na naɗe shi a leda na ba matafiyi.

Bayan sati biyar, saƙon murya ya shigo da dare.
Hajo na dariya: ƙaramin bai iya karatu ba,
hancinsa kawai yake mannawa a shafin,
yana tambaya da yarensu, mene ne wannan?
Daga nan ta yi shiru.
Saƙon bai yanke ba.
Ina jin motocin garinsu suna wucewa,
da ƙarar takarda, kusa, kusa da fuskarta.